Kafin ka biya kuɗin jitar bes a Jos: yadda zaka duba ta da idonka, hannunka da kunnenka

Na daɗe ina kaɗa bes a garin nan, coci, biki, wani lokacin situdiyo, kuma abin da yafi ci min rai shine yaro ya yi wata da watanni yana tara kuɗi yana hana cikinsa, ya je ya ɗauko jita saboda fentinta na ɗaukar ido ko saboda sunan da aka rubuta a kanta, bayan sati biyu ya kawo min ita yana cewa "Yaya don Allah duba min, yatsuna ciwo suke kuma sautin baya fita yadda ya kamata." Na baya bayan nan wani yaro ne a kwayarmu ta coci, a WhatsApp ya ga hoto, ya tura kuɗi, aka sako masa ita a mota daga Legas ya je tasha ya karɓa yana murna. Ina ɗaga ta na kalli wuyan gabana ya faɗi, a murɗe yake, gefen tsirkiya mai kauri ya lanƙwasa gaba, ɗaya gefen kuma ya koma baya. Wanda ya sayar masa tuni ya daina ɗaga waya. Shi yasa na zauna na rubuta wannan.

Magana ɗaya nake so ta zauna maka a kai kafin komai: in ka je sayen bes, wuyanta ka je saya. Fikof, wato abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya ya kai sifika, ana canzawa, waya ana jonawa, tsirkiya dama ƙarewa take, fenti ko ya kwaile baya taɓa sauti. Amma wuyan da ya lalace ya tafi da kuɗinka gaba ɗaya.

Mataki na farko, tun kana gida

Ka san me kake nema. Mai tsirkiya huɗu ita ce asali, E, A, D, G, kuma da ita nake ba mai koyo shawara ya fara. Mai biyar tana da ƙarin B ta ƙasa, 'yan coci suna sonta sosai saboda masu kibod suna yawan canza ki kuma waƙoƙin yabo suna son wannan zurfin, amma wuyanta ya fi faɗi, ta fi nauyi, kuma a jita mai arha wannan B ɗin ce ke fara tona asiri, sai kaji ta saki tana lilo kamar igiyar shanya. Tsawon tsirkiya daga kai zuwa gada, wato ƙarfen da ke riƙe tsirkiyoyi a jikin jitar, yawanci inci 34 ne, wasu masu biyar ɗin 35, akwai kuma gajeru masu inci 30 da suka dace da yaro ko mai ƙaramin hannu.

Ka ɗauki kebul ɗinka wanda ka yarda da shi, tiyuna ta saita sautin tsirkiya ko da ta waya ce, sabon batir mai bolt 9, igiyar ratayawa, da katin ATM ɗinka, zan gaya maka amfaninsa a gaba. In da hali ka tafi da wanda ya iya kaɗawa. Kuma ka je da rana, shagunan nan na wajen Terminus da Ahmadu Bello Way wasu ciki da duhu, a duhu kuwa kowace jita kyakkyawa ce.

Mataki na biyu, wuya, anan zamu daɗe

Tsirkiyoyi huɗu in an ɗaure su daidai suna jan wuyan da nauyin da ya haura kilo 70, wato ya fi buhun siminti, dare da rana ba hutu. Abin da ke riƙe katakon kar ya miƙa wuya shine wata sandar ƙarfe da ke ɓoye a cikinsa, masu gyara na ce mata tiros rod. Duk lafiyar jita a kan wannan ja-in-ja take.

Da farko ka tabbata an saita tsirkiyoyin sun kai sautinsu, don wasu masu shago suna barin su a sake, a sake kuwa ko wuyan da ya mutu zai yi kamar miƙaƙƙe. Sai ka ɗora gindin jitar a ƙasa ko kan kujera, ka sa ido ɗaya daga wajen kai ka kalli tsawon wuyan kamar yadda kafinta ke duba katako, ka kalli gefen dama, ka kalli gefen hagu. 'Yar lanƙwasa kaɗan zuwa gaba daidai ce, ana ma buƙatarta don tsirkiya ta samu wurin rawa. Abin da ake gudu shine gefe ɗaya ya bambanta da ɗayan, ko kaga firet firet ɗin, wato ƙarafan nan da aka jera a kan wuya, basa kwance a layi ɗaya kamar matakala, suna karkacewa a hankali. Wannan shine murɗewa, kuma in ka ganta ka ajiye jitar kawai ka ce a kawo wata, ko da rabin kuɗi aka ce ka bayar. Haka in ka ga tudu a wajen da wuya ya haɗu da jiki.

Ido na iya ruɗarka, don haka ga gwajin da yafi tabbas. Danne tsirkiyar E a firet na farko da hannun hagu, ka danne ta a firet na ƙarshe da babban yatsan dama ko gwiwar hannu, yanzu tsirkiyar ta zama rula. Duba tazarar da ke tsakaninta da saman firet na 7 ko na 8. Ya kamata ta zama 'yar mitsitsiya, wajen milimita 0.3, kaurin siririn kati irin na gayyatar biki. Katin ATM kaurinsa milimita 0.76 ne, in ya shige salin alin to lanƙwasar tayi yawa. In kuma babu tazara ko kaɗan, tsirkiyar na kwance kan ƙarfe, wuyan ya miƙe fiye da kima ko ya koma baya.

Duka biyun ba laifi bane in sandar ciki tana aiki, kuma wannan shine abin da kusan kowa ke tsallakewa. Ka ce wa mai kaya cikin ladabi, "Oga, a taimaka a ɗan murɗa min tiros rod ɗin in gani." Shi zai murɗa da hannunsa, kar kai ka taɓa. Ana sa alanki ne, yawancin jitocin Asiya milimita 4 ko 5, ta wajen kai ko ta gindin wuya. Murɗawa dama na miƙar da wuya, hagu na sake shi, kuma kwatar zagaye ya isa gwaji. Ka leƙa ramin da fitilar waya: in bakin ƙarfen ya cinye ya zama zagaye har alankin na zamewa, ko ya ƙame ƙam baya motsi alhali wuyan na lanƙwashe, ko yana juyawa fayau ba tare da ya kama komai ba, to maganar ta ƙare. Wani zai ce maka "ai ƙaramin gyara ne, kowane mai gyara zai yi maka." In ƙarami ne da ya gyara kafin ya kafa ta a shago.

Yanzu shafa tafin hannunka a gefen wuyan daga sama har ƙasa, a hankali. Mu 'yan Jos wannan namu ne na musamman. Jita ta fi son danshin iska tsakanin kashi 40 zuwa 60, mu kuwa daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na busar da komai, har ƙofar ɗaki sai ta saki, to katakon wuya ma tsukewa yake, ƙarfen firet kuma baya tsukewa, sai bakinsa ya leƙo waje kamar haƙoran zarto. Na taɓa ganin wata yarinya mai koyo ta gama atisaye a watan Disamba, gefen yatsanta manuni duk ya yi zane zane ja, ta ɗauka haka koyo yake. Wannan ana gyara shi da 'yar ƙaramar magagari cikin awa ɗaya, don haka ba dalilin fasa ciniki bane, dalilin neman ragi ne. Wanda yafi damuwa shine firet ɗin da ya ɗago daga mazauninsa, in ka danna gefensa da farce kaji yana motsi, da kuma wanda tsirkiya ta ci ta yi masa rami, ana yawan ganinsa a firet biyar na farko a jitocin gwanjo.

Ka juya bayan kai ka duba inda yake haɗuwa da wuya. Tsagewa a nan mugun abu ne, alamar ta taɓa faɗuwa. Amma siririn zane a fenti kusa da inda aka ɗaure wuya da sukurori huɗu, sau da yawa fentin ne kawai. Riƙe jiki ka ɗan girgiza wuyan, kar ya motsa kuma kar kaji ƙara.

Mataki na uku, kaɗa ta ba wuta

Mutane na mamaki in na ce a bari tukuna kar a jona. Jita mai kyau tun a bushe zaka ji ta, ka kaɗa E ka ji rawar ta ratsa cikinka da ƙirjinka kuma ta daɗe kafin ta mutu. Sannan ka bi kowace tsirkiya, kowane firet, ɗaya bayan ɗaya tun daga kai har ƙarshe, eh zai ɗauki minti biyar ko fi kuma mai shago zai fara kallon agogo, ka ƙyale shi, kuɗinka ne. Kana sauraron zizar ƙarfe. Inda take fitowa na gaya maka ciwon: in a firet na farko zuwa na biyar ne, wuyan ya miƙe da yawa. In daga na 12 zuwa sama ne, ko an sauke tsirkiya ƙasa sosai ko akwai tudun nan. In wuri ɗaya ne tak, firet na gaba da shi ya fi sauran tsayi. In kuma sai ka kaɗa ba ka danne komai ba take yi, ramin ɗan farin ƙashin nan na wajen kai ya zurfafa, canza shi ba tsada.

Ka lura da wayo ɗaya: ana ɗaga tsirkiyoyi sama sosai don a ɓoye ziza. Tsayinsu a firet na 12 bai kamata ya wuce milimita 2 zuwa 3 ba. In kaga yatsa na neman shigewa ƙarƙashi, ka duba gada, in an riga an sauke 'yan kujerun tsirkiyar har ƙasa kuma duk da haka tana sama, matsalar daga wuya take.

Akwai kuma wurin da sauti ke mutuwa da wuri, a jitoci irin ƙirar kamfanin Fender yawanci a tsirkiyar G ne wajen firet na 5 zuwa na 7. Kusan kowace bes tana da ɗan wannan, har masu tsada, abin dubawa shine kar ya zama kana kaɗawa yana ɗaukewa nan take.

Da tiyuna ka gwada abu ɗaya: saita tsirkiya a sake, sannan ka danne ta a firet na 12, harafi ɗaya ya kamata ya nuna kuma allurar ta tsaya tsakiya. In ta haura, ana jan kujerar baya, in ta gaza ana turo ta gaba, aikin sukudireba ne. Kai dai ka tabbata sukurorin basu yi tsatsa sun ƙame ba kuma akwai sauran wurin matsawa. Tsohuwar tsirkiya ma tana yin ƙarya a wannan gwajin. Kunnuwan ɗaurewa kuma ka murɗa kowanne, su tafi sumul, ba wanda ke zamewa ko kaɗawa.

Mataki na huɗu, yanzu a jona

A amf na bes, wato akwatin ƙara sauti mai sifika, za'a jona, kar a sa maka a na ƙaramar jita ko sifikar kiɗan biki. E ta ƙasa tana rawa sau 41 a daƙiƙa, B kuma wajen 31, ƙaramar sifika bata iya ɗauka, zaka zargi jita alhali laifin amf ne. Ka sa duk maɓallan amf ɗin a tsakiya, don in an cika bes an ƙure murya ko gwangwani zai yi daɗi.

Ɗauki makulli ka ɗan ƙwanƙwasa ƙarfen kowane fikof, kaji "ƙwas" a sifika, haka zaka san duka suna raye. Murɗa kowane maɓalli daga farko zuwa ƙarshe. Ƙarar ƙasa ƙasa kamar ana taka yashi yawanci ƙura ce, mu da ke shan ƙurar hunturu mun saba, ana fesa mai wanke lantarki ta tafi, amma in sauti na ɗaukewa gaba ɗaya a tsakiya to sai an canza. Girgiza kan kebul a bakin jak, wato ramin da ake cusa shi, in yana tatsa ko yankewa jak ɗin ya saki, gyaran mai rediyo ne.

Sai maganar gurnani, wannan "hmmm" ɗin da ke hana injiniyan sauti barci. Anan sai ka yi adalci, don wutarmu da janareta da rashin wayar ƙasa a gine gine da yawa suna sa ko jita lafiyayya ta yi kuka, shi yasa yana da kyau ka sa a jona wata jitar a amf ɗin ka kwatanta. In gurnanin na raguwa da ka ɗora hannu kan tsirkiya, hakan daidai ne. In baya canzawa ko ma ƙaruwa yake, akwai wayar da ta tsinke ko aka jona ba daidai ba a ciki. Kuma ka san irin fikof ɗinka. Leo Fender ya fitar da Precision a 1951, daga 1957 aka raba fikof ɗinta gida biyu yadda yake kashe gurnani da kansa, shi yasa take shiru. Jazz Bass da ta zo a 1960 fikof biyu ne sirara, in ka buɗe ɗaya kaɗai dole ta ɗan yi gurnani, in ka buɗe biyun daidai wa daida sai ya ɓace. Halinta ne haka, kar ka ƙi jita mai kyau saboda wannan.

In mai batir ce, irin tsarin da Music Man StingRay ta shahara da shi tun 1976 kuma yanzu yawancin masu tsirkiya biyar ke da shi, buɗe ɗakin batir ɗin ka gani da idonka. Farin gari ko kore kore a bakin waya na nufin batir ya taɓa fashewa a ciki. Sa naka sabo ka gwada. Sauti mai kakkaryewa sau da yawa batir ne ya yi sanyi. Wasu suna da maɓallin da ke komar da ita ta yi aiki ba batir, ni ina son wannan sosai, duk wanda batir ya taɓa mutu masa ana tsakiyar sujada ya san dalili.

Mataki na biyar, suna da jabu

Kasuwa cike take da jitoci masu Fender a goshi waɗanda basu taɓa ganin masana'antar Fender ba. Yawancin na gaske ana yin su a Corona ta jihar Kalifoniya a Amurka, da Ensenada a Meziko, akwai kuma na Japan. Daga 2010 lambar na Amurka tana farawa da US, ta Meziko da MX, sai lambobi biyu na shekara, kuma kamfanin na da wurin duba lamba a shafinsa. Amma masu jabu suna kwafar lambar gaske su manna, don haka lamba kaɗai bata wanke jita. Ka roƙi a kwance murfin baya ka leƙa: katako mai hawa hawa kamar wanda ake bayan wardirof da shi, wayoyi sirara kamar gashi, dalma an ɗiga ta barkatai, duk suna magana. Farashi ma na magana, sabuwar 'yar Amurka a kuɗin da bai kai na Squier ba, wato jitocin Fender masu arha, ai biri ya yi kama da mutum.

Ni ra'ayina, kuma na tsaya a kai, gara Squier ta gaske, ko Yamaha irin su TRBX da BB, ko Ibanez GSR, ko Cort, da jabun babban suna. Yawancinsu a Indonesiya ko Sin ake yi kuma ba abin kunya a ciki, aikinsu na da tsafta. Ta hannu mai lafiyayyen wuya wadda ta riga ta sha hunturu biyu uku a Filato bata motsa ba, ni na fi natsuwa da ita akan sabuwa fil da ta sauka daga kwantena jiya.

Rataya ta a kafaɗa ka tsaya. Yawanci bes kilo 4 ne zuwa 4 da rabi, in zaka tsaya awa uku a taro rabin kilo ma sai ka ji shi a bayanka. Saki hannu ka gani ko kan na nutsewa ƙasa, in yana yi to hannun hagunka zai zama mai dako maimakon mai kiɗa.

Ciniki da abin da ke biyo baya

Duk abin da ka samu na ƙananan laifi, bakin firet, jak, tsofaffin tsirkiyoyi, ka lissafo su a natse ba da faɗa ba, "Baba, kaya sun yi, amma ka ga sai na sa sabbin tsirkiya na kai wa mai gyara, a duba min." Saitin tsirkiyar bes ba arha gare shi ba, ka sa kuɗinsa a lissafi tun farko, mai lamba 45 zuwa 105 shine gama gari. Ka karɓi rasit da lambar jitar a rubuce, ku kuma yi magana a gaban shaida kan kwana nawa zaka iya dawo da ita in wani abu ya fito. In a Jiji ko Facebook ka gani, ku haɗu a inda akwai wuta da amf, in kuma daga wani gari ne ka nemi wanda ka sani a can ya je ya yi gwaje gwajen nan, ko aƙalla a yi maka bidiyo kai tsaye ana bin firet ɗaya ɗaya ana nuna maka tsawon wuya ta gefe biyu, kafin ko naira ta fita daga asusunka.

In ta iso daga Legas ko Fatakwal inda iska ke da danshi, kar ka yi saurin kai ta saiti, bar ta a jakarta sati ɗaya zuwa biyu ta saba da iskar tudu, don wuyan zai ɗan motsa, in ka saita yau sai ka sake. Daga nan sau biyu a shekara ake duba ta, shigowar hunturu da faɗuwar damina. Kar ka jingina ta da bango da wuya, kar ka bar ta a but ɗin mota in ka gangara Abuja cikin zafin Maris, ka goge tsirkiya da ƙyalle bayan kowane kiɗa, mai batir kuma ka zare kebul duk lokacin da ka ajiye ta, don muddin yana ciki batir na ci ko ba'a kaɗawa.